Lamuni Daban, Zargi Daban: Idan Kwamfuta Ta Lalace a Hannun Mai Gyara

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, wanda Ya halatta sana'a, Ya haramta cin dukiyar mutane da ƙarya. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wata rigima da ake yawan yi a birnin Yamai, wadda kakanninmu ba su san kayanta ba, amma malamansu sun san hukuncinta. Mutum ya kai kwamfutarsa shagon mai gyara saboda cuta guda, ko dai ramin caja ya saki, ko fanka ta daina juyawa. Bayan kwana uku ya koma ɗauka, sai ya tarar gilashin ya yi layi-layi, ko na'urar ta yi nawa fiye da da, ko ma ta ƙi tashi ɗungum. Mai kaya ya ce, "Malam, ba haka na kawo maka ita ba." Mai gyara ya ce, "Alhaji, da ma can ta kusa mutuwa, a hannuna dai ajalinta ya riske ta." Daga nan sai rantse-rantse, sai tara jama'a, wani lokaci har ofishin 'yan sanda, kuma sau da yawa mutanen biyu a sahu ɗaya suke salla.

Kada wani ya raina wannan magana. A cikin waccan na'ura mai yiwuwa akwai kundin kammala karatu na ɗalibin Jami'ar Abdu Mumuni, wahalar shekara biyu. Ko kuwa ita ce jarin magidancin da ke buga wa mutane takardu yana ciyar da iyalinsa. A ɗaya gefen kuma akwai sunan mai gyara, wanda shi ne jarinsa duka, domin ranar da aka ce masa ɓarawo a unguwa, ranar shagonsa ya fara mutuwa. Tambayar ita ce: mutumin da bai gani da idonsa ba, amma ya yi asara, me ya halatta ya zata, me ya halatta ya faɗa, kuma me ya halatta ya nema?

Daga ina zaton ke fitowa?

Adalci shi ne mu fara da yarda cewa zaton mai kaya yana da tushe. Kwamfuta akwati ce rufaffiya. Mai ita bai san abin da ke cikinta ba, mai gyara kuwa ya sani, kuma a bayan idon mai ita ake buɗe ta. Kowane sashe nata yana da kuɗinsa. Wanda ya san kasuwar Katako ya san cewa a garin nan ba a jefar da abu matuƙar akwai sauran amfani a jikinsa, kuma wannan abin yabo ne. Amma ma'anarsa ita ce ƙwaƙwalwar aiki, wadda ake kira ram, da faifan ajiya, da batir, da gilashi, duk ana iya kwance su cikin 'yan mintoci a sa waɗanda ba su kai su ba, kuma daga waje babu abin da zai nuna.

Ha'inci a wannan sana'a abu ne da ya tabbata, har a ƙasashen da ake ƙera na'urorin. A shekarar 2019 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa kamfanin Office Depot ya biya dala miliyan 25, abokin aikinsa Support.com kuma dala miliyan 10, bisa tuhumar cewa binciken kyauta da ake yi wa kwamfutocin mutane a shagunansu yana nuna alamun cuta ba tare da ya gano ta ba, domin a sayar musu da gyara. Saboda haka mai jin tsoron mai gyara ba mahaukaci ba ne.

Sai dai kuma wajibi ne mu san cewa hanyoyin mutuwar kwamfuta a Yamai suna da yawa, kuma mafi yawansu babu hannun kowa a ciki. Da yawa daga na'urorinmu tsofaffi ne, sun gama shekarunsu a ofisoshin Turai da Amurka kafin a sauke su a tashar Kwatano ko ta Lome. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a inuwa, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe hanyar iska, sai ƙwaƙwalwar na'ura ta yi ta dahuwa a ɓoye wata da watanni. Ga kuma wutar lantarki: duk ɗaukewa da dawowa, da duk sauyawa zuwa janareta, na iya aiko da ƙarfin da ya wuce kima. Mutanen birnin nan ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar, wadda a sa'an nan ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, ba a maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. Na'urar da ta sha irin wannan wahala tana iya kasancewa da raunin da bai bayyana ba, ya zo ya bayyana ranar da aka buɗe ta.

Akwai kuma nau'i na uku, wato ɓarnar da hannun mai gyara ya yi ba da nufi ba. Wayar da ta haɗa gilashi da jikin na'ura siririya ce ƙwarai, jan ganganci ɗaya ya isa ya yage ta. Haka nan lantarkin da ke taruwa a jikin mutum lokacin sanyi, wanda kan sa a ji tsatt idan an taɓa ƙofar mota: mutum ba ya jin sa sai ya kai wajen bolt 3,000, alhali ƙasa da bolt 100 ya isa ya illata wasu ƙananan sassa, kuma illar na iya jinkirta bayyana. A nan mai gyara yana iya rantsewa da gaskiyarsa cewa bai ɓata kome ba, tare da cewa shi ne ya ɓata.

To, ga abu uku: ha'inci, da tsufa ko tsautsayi, da kuskure. A idon mai kaya duk kamarsu ɗaya, domin abin da ya gani kawai shi ne na'urarsa ta ƙi aiki.

Hukuncin zuciya da harshe

Tunda haka ne, wanda ya zaɓi na farko daga cikin ukun nan ba tare da hujja ba, ya yi hukunci da abin da bai sani ba. Allah Maɗaukaki Ya umurci muminai a cikin Suratul Hujurat, aya ta 12, da su nisanci yawan zato, Ya kuma bayyana cewa sashensa laifi ne. A aya ta 6 kuma Ya yi umurni da bin diddigin labari, don kada a cuci mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya tsoratar game da zato, ya siffanta shi da mafi ƙaryar zance. Bahaushe ma ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Abin da ya ɗarsu a zuciya ba da zaɓi ba, ba a kama bawa da shi. Abin da ake kama shi da shi shi ne ya zaunar da zaton ya mai da shi yaƙini, sa'an nan ya ɗora shi a harshe. A yau harshen ya ƙara tsawo, domin mutum kan ɗauki hoton shago ya watsa a WhatsApp ko Facebook da sunan gargaɗi, kafin la'asar dubban mutane sun gani, kuma ko gaskiya ta fito daga baya, ba za ta kai inda ƙaryar ta kai ba. Dokar ƙasa ta 2019 a kan laifuffukan intanet ma ta hukunta ɓata suna ta wannan hanya. Gaskiya ne aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta yi rangwame ga wanda aka zalunta ya bayyana abin da aka yi masa, amma asara daban take da zalunci. Ba duk wanda ya yi asara ne aka zalunta ba.

A nan wani zai ce: to, ke nan mai kaya ya rungumi ƙaddara ya tafi gida? Idan sai da shaidu zai sami haƙƙinsa, ina zai same su, alhali ba ya nan aka yi aikin? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma malaman Malikiyya sun amsa ta tun ƙarni na biyu na Hijira.

Lamunin masu sana'a

Asalin ƙa'ida shi ne wanda aka ba ajiya ko aka ɗauka aiki amintacce ne, ba ya ranko sai idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Amma Imam Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, ya keɓe masu sana'a daga wannan ƙa'ida, irin su maɗinki da marini da maƙerin zinariya da wanki. Ya ce wanda ya kafa kansa yana karɓar aikin jama'a, ya kuma kaɗaita da kayan a bayan idon mai shi, to shi mai lamuni ne, wato idan kayan ya salwanta ko ya lalace a wurinsa shi zai biya, ko da lada ya yi aikin ko kyauta, face idan hujja ta tsayu cewa ɓarnar ba daga gare shi take ba. Mudawwana ta Sahnun ta ware wa mas'alar babi sukutum, Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, waɗanda ake karantawa a zaurukanmu, duk sun kawo ta, kuma alƙalin Maroko Ibn Rahhal, wanda ya rasu a 1728 Miladiyya, ya yi mata littafi na musamman mai suna Kashful Ƙina'i an Tadminis Sunna'i.

An ruwaito cewa Sayyidina Aliyu (R.A.) ya lamuntar da marina da maƙera, yana mai kafa hujja da cewa al'amarin mutane ba zai gyaru ba sai da haka. Imam Shaɗibi, wanda ya rasu a 790 bayan Hijira, ya kawo wannan a littafinsa Al-I'itisam a matsayin misalin hukunci da maslaha, ya kuma bayyana dalilinsa: mutane ba su wadata daga masu sana'a, masu sana'a kuma a ɓoye suke aiki, da za a gaskata kowannensu da zarar ya ce kaya ya ɓace ko ya lalace, da ɗayan biyu ya faru, ko mutane su daina ba da aiki su shiga ƙunci, ko dukiyoyi su yi ta salwanta a buɗe wa maha'inta ƙofa.

Sauran malamai sun yi saɓani. Imam Abu Hanifa bai lamuntar da mai sana'a a kan abin da ya salwanta ba da sakacinsa ba, amma ya lamuntar da shi a kan abin da aikin hannunsa ya ɓata. Manyan almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammad ɗan Hasan, sun lamuntar da shi face a abin da ya fi ƙarfin mutum, kamar gobara mai rinjaye. An kuma ruwaito daga Rabi'u, almajirin Imam Shafi'i, cewa malaminsa yana ganin babu lamuni, amma bai so ya yayata hakan ba don tsoron miyagun masu sana'a. Ko kotunan Faransa, a fassararsu ta sashe na 1789 na kundin dokarsu ta 1804, wadda dokokin ƙasarmu suka gaji abubuwa da yawa daga gare ta, mai sana'a suka ɗora wa nauyin nuna cewa kayan bai lalace da laifinsa ba. Hankula masu nisa da juna sun haɗu a wuri guda: wanda ilimin abu da tsaronsa ke hannunsa, shi ya fi cancanta ya yi bayani.

Mai gyaran kwamfuta kuwa ya cika sharuɗɗan duka: ya buɗe shago ga kowa, kuma yana karɓar na'ura ya ce a dawo jibi. Idan yaron shagonsa ne ya yi ɓarnar, maigidan ne ke fuskantar mai kaya, domin shi aka damƙa wa. Allon da wasu ke rataye wa a bango cewa shago bai ɗauki alhakin abin da ya lalace ba, a mashhurin mazhaba ba ya kawar da lamuni.

Inda hukunci biyun suka haɗu

Yanzu, ya ɗan'uwa, dubi hikimar. Shari'a ta hana mai kaya ya kira mai gyara ɓarawo, ta kuma wajabta wa mai gyara ya biya. Wani zai ga kamar sun ci karo, alhali ɗaya ne ke riƙe da ɗaya. Da a ce mai kaya ba zai sami haƙƙinsa ba sai ya tabbatar da cin amana, da an tilasta masa ya yi zargi, ya yi bincike, ya nemi abin da zai ɓata ɗan'uwansa da shi. Da aka ɗora lamuni a kan hannun da ya karɓi kaya, sai aka sauke masa wannan nauyi. Ya ishe shi ya ce: na kawo ta tana kaza, ta dawo tana kaza, ina neman haƙƙina. Babu zato a wannan magana, domin abin da ya gani ya faɗa.

Haka nan mai gyara yana iya biya ba tare da ya amsa sunan maha'inci ba. Malamai sun kira wannan lamuni da lamunin tuhuma, amma tuhumar tana kan halin da ake ciki ne, wato kaɗaita da dukiyar mutane, ba a kan wane ɗan wane ba. Shi ya sa ko mai sana'ar da aka sani da tsoron Allah ana lamuntar da shi kamar kowa, kuma shi ya sa Ibnul Ƙasim ya ce lamunin yana faɗuwa idan shaidu suka tabbatar da cewa ɓarnar ba aikinsa ba ce. Biya a nan wani ɓangare ne na nauyin sana'a, kamar kuɗin hayar shago. Mafi yawan rigingimun da muke gani suna ƙazanta ne saboda an cakuɗa abubuwan nan biyu: mai kaya yana ganin ba za a biya shi ba sai ya ɗaga murya da kalmar sata, mai gyara kuma yana ganin idan ya biya ya yarda cewa ya yi satar, sai kowa ya kafe.

Iyakokin lamuni

Don kada mai kaya ya mai da wannan hukunci makami, ga iyakokinsa.

Na farko, mai gyara ba ya lamuntar cutar da na'ura ta zo da ita. Abin da ke kansa shi ne abin da ya faru bayan ta shiga hannunsa. Idan aka yi jayayya a kan siffarta, mai kaya ya ce ram ɗinsa giga 8 ne, mai gyara ya ce giga 4 ya tarar, to mai kaya ne mai da'awa. Hadisin Ibn Abbas (R.A.), wanda Imam Nawawi ya sanya na 33 a cikin Arba'una, ya ɗora hujja a kan mai da'awa, rantsuwa kuma a kan mai musu.

Na biyu, ƙimar da ake biya ita ce ta ranar da aka miƙa kayan. Mu ƙaddara na'ura ce da sabuwarta ke kai sefa 400,000, amma ranar da aka kawo ta, da tsufanta da cutarta, ba za ta wuce 120,000 ba a kasuwa. Idan ta mutu a shago, 120,000 ake bi. Wanda ya nemi sabuwa fil a madadin tsohuwa mai ciwo, shi ne ya koma azzalumi. Idan kuma ɓarnar ƙarama ce, gwargwadon abin da ta rage ake biya.

Na uku, malamai sun keɓe ayyukan da hatsari ke cikin jininsu, kamar huda lu'ulu'u, da zanen dutsen zobe, da miƙe takobi. A irinsu babu lamuni sai idan an san mai sana'a ya yi aikin ba ta fuskarsa ba. Gyaran babban farantin ciki, wanda dukkan sassa ke manne a jikinsa, ya yi kama da wannan ƙwarai, domin ana hura masa iska mai zafi har dalmar liƙi ta narke, alhali wadda ake amfani da ita a na'urorin yanzu ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 217, kuma sassa masu rauni na kewaye da wurin. Sai dai haƙƙi ne a kan mai gyara ya faɗi hatsarin tun kafin ya fara, don mai kaya ya zaɓa da saninsa. Kada garin neman gira a rasa ido, sa'an nan a ce masa da ma haka aikin yake.

Wannan rangwame kuwa na gwani ne. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah sun ruwaito hadisin da ya ɗora lamuni a kan wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba. Wanda ya kalli gyara sau biyu a wayar salula, ya ɗauki na'urar mutane yana koyo a kanta, ya yi gyaran gangar Auzinawa, ba shi da mafaka a kalmar tsautsayi.

Na huɗu, idan an yi aikin a gaban mai kaya, ko kuwa gobara ta cinye shago mutane suna gani ba da sakacin mai shi ba, dalilin lamunin ya kau.

Na'ura ma tana ba da shaida

A cikin Suratu Yusuf, aya ta 26 zuwa ta 28, an gane mai gaskiya ne ta wajen duba inda riga ta yage, ta gaba ko ta baya. Malamai sun kafa hujja da wannan a kan aiki da alamomi, kuma Ibn Farhun ya faɗaɗa maganar a littafinsa Tabsiratul Hukkam. Kwamfuta tana da irin waɗannan alamomi da yawa. Faifan ajiya yana da lambarsa ta daban, yana kuma ƙidaya awannin da ya yi yana aiki. Idan na'urar shekara ɗaya ta dawo da faifan da ya yi awa 30,000, wato fiye da shekara uku ba dare ba rana, to akwai abin tambaya. Na'ura tana nuna yawan ram ɗinta cikin daƙiƙa kaɗan. Tsatsar ruwan da ya zuba tun bara ba ta kama da sabuwar ƙuna, yagewar waya kuma ba ta kama da lalacewar tsufa. Mai kaya ba zai iya karanta waɗannan ba, amma wani gwanin zai iya, kuma komawa ga masana sana'a idan an yi jayayya a kan aibi hanya ce sananniya a wurin alƙalan Musulunci. Saboda haka kafin a kai ga rantsuwa, sai a kai na'urar ga mai gyara na uku wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi, a gaban liman ko mai unguwa.

Nasiha ga ɓangarorin biyu

Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ta bayyana cewa hakan ya fi kusa da kawar da shakka. Mu kuwa muna jin kunyar rubutu, muna ganin kamar rashin yarda ne, sa'an nan mu zo muna abin da ya fi rubutu muni. Minti biyar a bakin tebur sun isa: a kunna na'ura idan tana kunnuwa, a duba gilashi da madannai da batir tare, a rubuta yawan ram da lambar faifai da cutar da aka kawo ta dominta da kuɗin aiki, kowa ya riƙe takarda.

Ya kai mai kaya, kwafe muhimman takardunka a wani wuri kafin ka miƙa na'ura, domin lamuni yana maido da kuɗi ne, ba ya maido da rubutun shekara biyu. Ka gaya wa mai gyara gaskiyar abin da ya faru. Idan shayi ya zuba a kai ko ta faɗi ƙasa, ɓoyewa ha'inci ne daga ɓangarenka. Kada ka riƙe ladan aikin da aka gama lafiya saboda wani zato, domin Bukhari ya ruwaito hadisi ƙudusi cewa Allah da kanSa ne abokin husumar wanda ya sa ma'aikaci aiki ya hana shi ladansa. Idan wani ya nemi shawararka game da shagon, faɗi abin da ka gani, ka tsaya nan.

Ya kai mai gyara, Allah Ya yi umurni a Suratun Nisa'i, aya ta 58, da mayar da amanoni ga masu su. Ka mayar wa mutum sashen da ka cire ko da ya mutu. Kada ka sa tsoho ka karɓi kuɗin sabo, Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya sa hannunsa cikin tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa, sai ya barranta daga mai algus. Kada ka buɗe hotuna da wasiƙun da gyara bai buƙaci buɗe su ba, domin su ma amana ne. Idan aiki ya fi ƙarfinka, ka ce ya fi ƙarfinka. Idan kuwa hannunka ya kuskure, ka riga mai kaya faɗa. Abin da za ka biya a ranar bai kai darajar mutanen da zai turo maka a shekara goma ba.

Idan an bi duk wannan gaskiya ba ta bayyana ba, to sulhu alheri ne: a raba asarar yadda masu hankali suka ga ya dace, a yafi juna, a bar abin da ya ɓuya ga Wanda babu abin da ke ɓuya gare Shi. Mai kaya ya tafi da haƙƙinsa bai ci naman ɗan'uwansa ba, mai gyara ya zauna da mutuncinsa bai ci dukiyar kowa ba.

Allah Ya tsarkake zukatanmu daga mugun zato, Ya tsare hannayenmu daga cin amana, Ya sa albarka a sana'o'inmu. Allah ne Mafi sani.